Wa Ya Sha, Wa Ya Bayar, Wa Ya Ci Maki?

 

Sharhinmu na yau a kan ƙwallon ƙafa yake, amma daga teburin mai sayar da magani zai faro. Tun ranar 1 ga watan Janairu na 2024, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, wadda ake kira WADA, ta sa tiramol cikin abubuwan da aka haramta wa ɗan wasa ranar gasa. Tiramol dai ba sai an yi wa mutumin Arlit bayaninta ba. Wadda likita ke rubutawa a asibiti mai miligiram 50 ce ko 100. Wadda ke yawo a bakin tasha da lungunan kasuwa kuwa mai 200 ce, har da mai 225. Yaro zai ɓare ta daga takardarta da farcen babban yatsa, ya jefa cikin kofin kofi ko shayi, ya kaɗa, ya shanye, ya hau babur ɗinsa na kabu-kabu ko ya kama hanyar ramin zinariya. Ba maye yake nema ba da farko, so yake ciwon baya ya lafa, rana ta daina dukansa, ya yi aikin mutum biyu. Daga nan jiki ya saba, wani har ta kai shi ga faɗuwa yana shure-shure.

To ga wannan ƙwaya yanzu ta shiga dokar wasanni. Ɗan ƙwallon da aka samu da ita a fitsarinsa bayan wasa, ba tare da takardar izinin likita da hukuma ta amince da ita ba, hukuncin da ke jiransa dakatarwar shekara biyu ce, kuma idan aka tabbatar da gangan ya sha don ya yi maguɗi, ta kai huɗu. Dokar ba ta bambanta wanda ke buga wa Real Madrid da wanda ke buga wa Urana ko Akokana na nan Arlit ba. Ba kuma zargin kowace ƙungiya nake yi ba da na ambaci namu na gida. Na ambace su ne don ƴaƴanmu ne, a garin nan suke kwana suna tashi, kuma idan za su je wasa Yamai sai sun kwashe fiye da kilomita dubu a mota, a kan hanyar da kowa ya san halinta, su sauka da ƙugu a ƙage, gobe a ce su shiga fili. Duk wanda ya ce jarabar ƙwayar rage ciwo ba za ta taɓa zuwa kusa da irin wannan matashi ba, bai san gajiya ba.

Tambayar da nake so mu zauna a kanta ita ce, idan an kama, wane hukunci ne adalci?

Bari in fara da inda nake tare da doka. Ƙa'idar da aka kafa ta ce ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Ba sai an kawo shaidar cewa ya yi niyya ba, samun abin kaɗai ya isa a ce an karya doka. Wasu na ganin tsaurin ya yi yawa. Ni ina ganin in aka sassauta wannan, an gama. Ba a taɓa kama ɗan wasa ya ce e, da saninsa ya sha ba, sai ɗaiɗai. Kowa da labarinsa: nama ne, shayi ne, wani ne ya zuba masa. Idan aka ce sai hukuma ta shiga zuciyar mutum kafin ta ce ya yi laifi, babu wanda za a hukunta, kuma wanda zai kwana ciki shi ne yaron kirki da ya tashi da asuba yana gudu a kan rairayi da ƙarfin da Allah ya ba shi.

Amma cewa an karya doka daban, yawan hukuncin daban. A nan ne ake duba niyya da sakaci, kuma a nan ne abin ya fara karkata.

Ku tuna da André Onana, mai tsaron gidan Kamaru, lokacin yana Ajax. A watan Fabrairun 2021 hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da shi shekara guda. Abin da aka samu a jikinsa ƙwayar sa fitsari ce, wadda ba ta ƙara gudu ko ƙarfi, an hana ta ne don ana iya wanke jiki da ita a ɓoye wata ƙwayar. Ya ce ba ya jin daɗin jikinsa ne, ya ɗauki maganin matarsa bisa kuskure. Kotun wasanni ta duniya da ke Lozan a ƙasar Suwizalan ta yarda ba maguɗi ya nufa ba, ta rage hukuncin zuwa wata tara. Kolo Touré na Kwaddibuwa, yana Manchester City a 2011, shi ma maganin rage ƙiba na matarsa ya sha, aka ba shi wata shida. Sylvain Gbohouo, mai tsaron gidan Kwaddibuwa, ya ce maganin ido aka rubuta masa, amma ya rasa gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022, aka kuma yanke masa wata 18. Paul Pogba, da aka gwada bayan wasan Juventus da Udinese a watan Agustan 2023, shekara huɗu aka fara yanke masa, kotun Lozan ta mayar da ita wata 18.

Ba na jin haushin sassaucin da aka yi wa kowannensu. Abin da ke damuna shi ne hanyar da ake bi kafin a same shi. Sai ka ɗauki lauyan da ya san dokar wasanni. Sai ka nemo masanin haɗa magunguna. Sai ka aika kwalbar da ka sha zuwa ɗakin gwaji, a tabbatar daga cikinta abin ya fito. Kuɗin shigar da ƙara kaɗai a Lozan kuɗin Suwizalan dubu ɗaya ne, kusan jika ɗari bakwai na sefa, tun ba a yi maganar lauya ba. Akwai asusun taimakon marasa hali, gaskiya ne, kuma ɗan wasan cikin gida a gida ƙararsa za ta fara. Amma ko a ina aka zauna, hujjar da ake nema ɗaya ce: ka nuna ta yaya abin ya shiga jikinka. Yaron da ya sayi ƙwaya biyu a faranti, a hannun mai tallan da ya riga ya wuce wani gari, babu rasit, babu kwali, da me zai nuna? Shi zai sha hukuncin cikakke, alhali wataƙila sakacinsa bai kai na wanda ke da likitoci uku a ƙungiyarsa ba. Idan tsawon dakatarwa ya dogara da nauyin aljihu, sunan doka ɗaya ne kawai, amma a aikace biyu ce.

Akwai kuma wani nauyi da ke kan ɗan wasan ƙungiya wanda mai tsere shi kaɗai ba ya ɗauka. Wanda aka dakatar ba wasa kawai aka hana shi ba, an hana shi atisaye da ƙungiyarsa, sai a watanni biyun ƙarshe, ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshen wa'adin, duk wanda ya fi gajarta. Ɗan gudun fanfalaki zai iya fita bayan gari ya ci gaba da gudunsa. Ɗan ƙwallo fa? Da wa zai yi ba-ni-in-ba-ka? Mai tsaron gida wa zai buga masa? Kafin ya dawo an cike gurbinsa, kwantiragi ta ƙare. Sana'ar da duka-duka ba ta cika wuce shekara goma sha biyar ba, a yanke mata huɗu, ga wanda ya haura ashirin da takwas wannan sallama ce. Ga mai maguɗi da gangan, wanda ya nemi allura ya ɓoye, ban ga laifin haka ba, shi ya saya da kuɗinsa. Ga wanda jahilci ya ja, ya kamata alƙali ya san girman abin da yake yankewa.

Yanzu mu zo inda na fi so a saurare ni da kyau, wato ƙungiyar kanta.

Ranar 25 ga watan Yunin 1994, a kusa da birnin Boston na Amurka, Najeriya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya. Dattawan da suka kalli wasan nan a talabijin ba su manta ba. Samson Siasia ya fara jefa ƙwallo, Claudio Caniggia ya rama, sannan Diego Maradona ya yi wuf ya buga masa bugun tazara tun ƴan baya ba su shirya ba, ya ƙara ta biyu. Da aka tashi, wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Maradona ta fita da shi daga fili zuwa ɗakin gwaji, yana murmushi. Aka sami efedirin a fitsarinsa. Aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. Makin wasan kuwa yana nan a hannun Ajantina har gobe, biyu da ɗaya. Najeriya ta fito ta ɗaya a rukunin duk da haka, amma wannan ƙoƙarinta ne, ba adalcin da aka yi mata ba.

Ku ajiye wannan, ku ɗauki na watan Nuwamban 2017. Najeriya ta je Kustantin ta yi kunnen doki da Aljeriya, ɗaya da ɗaya. Ta sa Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, alhali katin gargaɗi biyu da ya tara sun hana shi buga wannan wasa. Kuskuren masu riƙe da takardu ne, ba ƙwaya ya sha ba, ba ƙarfin wani ya ara ba. FIFA ta ƙwace wasan ta bai wa Aljeriya uku da nema, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya.

Jama'a, ku auna waɗannan biyun. Kuskuren lissafin kati yana cinye wasa gaba ɗaya, amma ƙwaya a jinin wanda ya shirya ƙwallon nasara ba ta taɓa maki ko ɗaya. Dokar WADA ta ce a wasannin ƙungiya, idan aka sami fiye da mutum ɗaya, sai a tsananta gwaji a kan sauran. Sai an kama fiye da biyu a gasa ɗaya kafin hukunci ya wajaba a kan ƙungiyar. Ke nan ƙungiya za ta iya cin kofi da mutum biyu masu ƙwaya, ta sallame su, ta fitar da sanarwar takaici, ta ajiye kofinta a kabad.

A tseren miƙa sanda ba haka ake yi ba. A wasannin Olamfik na Sidni a 2000, Amurka ta zo ta ɗaya a tseren mita 400 na mutum huɗu, Najeriya ta biyu. A 2008 Antonio Pettigrew ya amsa cewa yana amfani da ƙwayoyi a lokacin, aka karɓe zinariyar daga dukkansu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da ita. Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun da suka yi gudun, ya rasu a watan Disambar 2011, bai ga ranar ba. Usain Bolt ma ya mayar da zinariyarsa ta 2008 saboda abokin gudunsa Nesta Carter, kuma babu wanda ya ce Bolt ya sha wani abu.

Na san abin da mai sauraro zai ce: mutum goma ba su ji ba ba su gani ba, don me wake ɗaya zai ɓata gari? Magana ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa aka rubuta dokar haka. Mutum ɗaya cikin huɗu a tsere rabonsa a bayyane yake, ɗaya cikin sha ɗaya kuwa ba a iya auna nasa da agogo. Amma ina tunatar da mu cewa a ɗaya ɓangaren filin akwai mutum sha ɗaya, su ma ba su ji ba ba su gani ba, kuma su aka ci. Wataƙila wannan makin ne ya jefa su rukuni na ƙasa. Su wa ya tausaya musu? Ranar da aka ƙwace wasan Kustantin ma ai akwai goman da ba su da laifi, ba wanda ya ce zalunci ne, domin kowa ya yarda aikin ƙungiya ne ta san wa take sakawa a fili.

Ra'ayina ke nan, ban kuma ɓoye shi ba. Idan aka tabbatar wanda ya buga wasa ya sha abin da ke ƙara ƙarfi, kuma da niyya ya sha, makin wannan wasan ya koma ga abokan karawa. Ba dukan kakar wasa ba, wannan wasan kaɗai. Idan kuwa irin na Onana ne, wanda ba a ce ya ƙara masa komai ba, a bar ƙungiya da makinta. Ranar da shugaban ƙungiya ya san maki uku na iya tafiya, ranar zai fara tambayar me ke cikin jakar mai yi wa yara tausa.

Domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matashi ɗan shekara goma sha tara ba ya yi wa kansa allura a gwiwa. Wani ne ke cewa, "Ɗana, daure, wasan nan ba za a yi babu kai ba," ya miƙo ƙwaya ko ya ɗauko sirinji. Yaron da aka rena da girmama manya, wanda abincinsa ke hannun mai horarwa, da wane baki zai ce a'a? Mu a garin ma'adinai mun san wannan ƙa'ida tun kafin a kawo ta fili. Lebura da ke shiga wurin haƙar yuraniyom yana ɗauke da ɗan ma'aunin da ke ƙirga tururin da ya shiga jikinsa, abin da ido ba ya gani. Idan ma'aunin ya haura ƙa'ida, ba leburan kaɗai ake tuhuma ba. Ana tambayar wanda ya tura shi, da wanda aka ɗora wa kula da lafiyarsa. Jikin ɗan ƙwallo ma wurin aiki aka kai shi, kuma akwai mai cin ribar aikin.

Dokar a rubuce ba ta manta da waɗannan ba. Likita ko mai horarwa da aka samu yana bai wa ɗan wasa haramtaccen abu, hukuncinsa daga shekara huɗu ne har zuwa haramcin rai da rai. Matsalar ita ce fitsarin ɗan wasa ake gwadawa, babu kwalbar da ke nuna hannun da ya miƙa. Sai an yi bincike na gaske. An taɓa yi a Ostireliya, a ƙungiyar Essendon ta irin ƙwallonsu na can, inda ƙungiyar da kanta ta shirya wa ƴan wasanta allurai a 2012. An ci ta tarar dala miliyan biyu ta ƙasar, an hana ta wasannin ƙarshe na 2013, an dakatar da mai horarwa shekara guda, wanda ya shirya allurai aka haramta masa harkar har abada. Duk da haka ƴan wasa 34 sun rasa kakar 2016 baki ɗaya, ko da yake sun ce abin da ƙungiya ta ba su suka karɓa. Har yau ana gardamar nasu hukuncin, amma aƙalla can ba a tsaya a kansu kaɗai ba.

Masu hukuncin su ma suna kuskure. Mamadou Sakho na Liverpool an dakatar da shi a 2016 kan wani maganin ƙona kitse, ya rasa wasan ƙarshe na kofin Europa, ya rasa gurbi a tawagar Faransa a gasar Turai da aka yi a gidansu. Daga baya aka wanke shi, kuma a 2020 WADA ta ba shi haƙuri ta biya shi diyya. Diyya ba ta dawo da wasan ƙarshe. A gasar ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011 kuwa, fiye da yara ɗari aka samu da wani sinadari da ake bai wa shanu don su yi ƙiba. Da aka gano daga naman da suka ci ne, ba a hukunta kowa ba, kuma hakan shi ne daidai.

Saura namu na gida. Gwajin nan tsada gare shi, ɗakunan da WADA ta amince da su kimanin talatin ne a duniya, babu ko ɗaya a Afirka ta Yamma. Don haka yaronmu zai iya shekaru yana wasa ba a taɓa miƙa masa kwalba ba, sai ranar da aka kira shi tawagar ƙasa ta Mena, ko ƙungiyarsa ta fita gasar Afirka, ko wani kulob na waje ya saye shi. Ranar da ƙofar arziki ta buɗe, ranar dokar da bai taɓa ji ba za ta tare shi. Wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Jerin haramtattun abubuwa ana sabunta shi kowace shekara, a harsunan da yawancin yaranmu ba sa karatu da su, da sunayen sinadaran da ko malamin asibiti sai ya duba littafi.

Ina kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, da ma'aikatar wasanni da shugabannin ƙungiyoyinmu: kafin a ba ɗan wasa lasisin kaka, a zaunar da shi, a gaya masa da Hausa da Tamajak da Zabarmanci. A ce masa goro da shayi da kofi ba laifi, tun 2004 aka cire sinadarinsu daga jerin. A ce masa tiramol haramun ce daga tsakar daren jajibirin wasa, kuma wadda ya sha jiya tana iya kwana a jikinsa. A ce masa wasu magungunan mura ma suna iya kayar da shi, allurar kashe kumburi da ake yi a gaɓa tana cikin jerin ranar gasa tun 2022, kuma kwalbar maganin ƙarfi da ba a rubuta abin da ke cikinta ba kada ta kusanci bakinsa. Kowace ƙungiya ta ajiye littafi guda, duk ƙwaya ko allurar da aka ba ɗan wasa a rubuta ranar da sunanta, wanda ya bayar ya sa hannu, shugaban ƙungiya ya sa nasa a ƙarshen wata. Littafin bai fi jika ɗaya ba a kasuwar Arlit, kuma shi ne takardar da yaron da ba shi da lauya zai ɗauka ya tafi da ita gaban kwamitin ladabtarwa.